Gawayi Mai Shanye Magani: Amfaninsa Da Abin Da Ya Kan Bari A Baya

A ƙasar Amurka masu kula da ciyawar filayen wasa, irin na ƙwallo da na golf, suna da wata dabara da su kan yi in an zuba maganin ciyawa ya wuce kima. Su kan bi wurin da garin wani gawayi, shi kuwa ya shanye maganin kafin ya kashe shukar da ake so. Dabarar tana da kyau, amma tana da wata illa wadda ya kamata manomi da mai sayar da magani da akawun sito duka su sani.

Wannan gawayi ba irin na murhu ba ne. Ana yinsa da ɓawon kwakwa ko itace ko kwal, sa'an nan a bi shi da tururi mai zafin digiri 800 ko fiye, har jikinsa ya cika da 'yan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. In da za a shimfiɗe cikin ƙofofin giram ɗaya kawai, faɗinsa ya kai murabba'in mita 500, wani ma ya wuce 1,000. Magani in ya shiga ciki sai ya manne, saiwa ba ta samunsa.

Yawan da a kan zuba shi ne laba 100 zuwa 400 a eka ɗaya, watau kamar kilo 45 zuwa 180. A kan dama shi da ruwa a fesa, domin garin yana da saurin tashi a iska. Yana kama magunguna irin su atrazine da diuron da pendimethalin. Ba ya kama gishiri ko dalma, saboda haka ba kowace ɓarna ya ke gyarawa ba.

A Jihar Oregon masu noman irin ciyawa sun mai da wannan hali abin amfani. Su kan fesa siririn layi na gawayi, faɗin inci ɗaya, a bisa layin shuka, sa'an nan su feshe gonar duka da diuron. Irin da ke ƙarƙashin gawayi ya tsiro lafiya, haki na tsakanin layi ya mutu.

To, ga inda illar ta ke. Gawayi bai san maganin jiya da na gobe ba, kuma ba ya ruɓewa kamar taki. Muddin da sauran ƙofa a jikinsa, duk maganin da ya iske shi sai ya shanye. Mai fili ya kan ceci kiri-kirinsa bana, baɗi ya fesa maganin hana harƙiya tsirowa, sai ya ga harƙiya ta fito fal a daidai inda aka zuba gawayi. Haka kuma maganin gwazarma, wanda sai ya ratsa ƙasa ya kai ga saiwa, yana iya tsayawa a hanya. Maganin da ke shiga ta ganye bai cika samun wannan cikas ba, don ba ta ƙasa ya ke aikinsa ba.

Ƙarfin gawayin yana raguwa sannu a hankali, sa'ad da dattin ƙasa ya toshe ƙofofin. Saurin wannan ya dogara ga yawan da aka zuba da kuma irin ƙasar. A filin wasa ba a huɗa, shi ya sa gawayin ke zama a sama, daidai inda ƙwayar haki ke tsirowa.

Manomin masara ma yana da rabo cikin wannan magana. Baƙin da ke saura bayan an ƙone kara ko buntun shinkafa, ko inda aka yi ramin gawayi, shi ma yana shan magani, ko da ya ke bai kai wancan ƙarfi ba. In haki ya gagara a irin wannan wuri, kada a yi saurin cewa ɗan kasuwa ya sayar da jabu.

Abin yi shi ne a zuba gawayi a inda ɓarnar ta ke kaɗai, gwargwadon maganin da ya zube. Akawu ya rubuta ranar da wurin da yawan, domin mai feshi na baɗi ya sani. Kafin a feshe fili duka, a gwada a ɗan yanki a jira a ga abin da zai tsiro. Kada a ninka magani da ka don a rinjayi gawayi, domin inda babu gawayi shuka ce za ta ƙone, garin neman gira a rasa ido. Inda maganin ya kasa, a sa fartanya, ko a nemi shawarar malamin gona.

Lalle wanda ya auna magani daidai tun farko, ya huta da sayen gawayi, ya kuma huta da abin da ya kan biyo baya.