Jan Tufafi a Gaban Bagade

Mutumin Fakku ko na Tambuwal idan ya ji an ce hadaya, ragon layya ne ke fara faɗo masa a rai. Su kuwa mabiya ɗariƙar Katolika, waɗanda babban cocinsu na wannan yanki, Holy Family, ke birnin Sakkwato, hadayarsu ita ce ibadar da suke kira Mas. A imaninsu, gurasa da ruwan inabin da Fada ke miƙawa a kan bagade su ne ke kawo hadayar Almasihu ta gicciye a gabansu. Nan ne tushen girmama shahidai a wurinsu. Tun zamanin da, akan ajiye guntun ƙashin shahidi cikin bagade, ranar tunawa da shi kuma Fada ya sa jan tufafi, launin jini. Haka ake yi kowace 3 ga Yuni saboda Charles Lwanga da abokansa, waɗanda aka ƙone a Namugongo ta Uganda a 1886.

Wasu na cewa kwarjinin ibadar ya dushe tun da harsunan gida suka maye gurbin Latin bayan babban taron Vatikan na 1962 zuwa 1965. Abin da suke kewa ba ƙarami ba ne: tsohon tsarin Mas na 1570 da dogon shirunsa, Fada da jama'a sun fuskanci gefe guda, kowa a durƙushe yake karɓar gurasa. Har a Umuaka ta jihar Imo akwai masu riƙe da shi, ko da yake Fafaroma Francis ya taƙaita shi a 2021. Amma ban yarda cewa a harshe sadaukarwa take ba. Michael Nnadi, ɗan shekara 18 da ke karatun zama Fada a ƙarƙashin cocin Sakkwato, cikin sabon tsarin ya tashi. An sace shi ranar 8 ga Janairun 2020 daga makarantar Good Shepherd da ke Kakau, Kaduna, aka saki abokansa uku, shi aka kashe shi. Wanda aka kama kan lamarin ya faɗa wa 'yan jarida cewa yaron ya ƙi daina yi musu wa'azi.

Akwai kuma masu tsoron kada ɗaukaka shahidai ta sa a saba da zubar da jini. Jana'izar Michael ta 11 ga Fabrairu ta amsa wannan, domin a kan gawarsa, Bishop Matthew Hassan Kukah ya tuhumi hukuma da sakaci. Jan tufafin Fada bai yafe wa masu mulki haƙƙin tsare ran ɗalibi ba, na coci ne ko na tsangaya.