Bayan Korona, Mu Auna Sukarin Jininmu

 Yau za mu duba wata magana da ta shafi lafiyar jikinmu, wato ciwon sukari da kan biyo bayan cutar korona.

Mun tuna cutar ta shigo Nijeriya a watan Fabrairu na shekara ta 2020, ta iso Jihar Sakkwato a watan Afrilu, lokacin mulkin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal. A watan Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci a kanta. Amma cutar ta bar sawu a jikin waɗansu.

Likitoci a Amurka sun bi lafiyar tsofaffin sojoji fiye da 180,000 da suka warke daga korona. A 2022 suka bayyana cewa haɗarin kamuwa da ciwon sukari ya ƙaru musu da kashi 40 cikin 100. Ma'anarsa ita ce, cikin kowane mutum 1,000 an sami ƙarin kamar mutum 13 a shekara guda. A Jamus ma an gwada masu korona da masu mura, aka ga ƙarin kashi 28 cikin 100. Wanda cutar ta kwantar a asibiti shi ya fi shiga haɗari. Binciken Ingila na 2024 kuwa ya nuna haɗarin ya ragu ga waɗanda suka yi rigakafi.

Ina dalili? A bayan tumbinmu akwai wata gaɓa, fankiriyas, mai yin sinadarin insulin. Shi ne ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka domin mu sami ƙarfi. Zazzaɓi mai tsanani yakan sa jiki ya ƙi jin insulin, sai sukari ya taru a jini. Na biyu, maganin dexamethasone da ake ba wanda numfashi ya gagara yana ceton rai, amma yana ɗaga sukari. Na uku, waɗansu suna da ciwon tun da daɗewa ba su sani ba, sai da jinya ta kai su asibiti aka gano. Akwai waɗanda sukarinsu yakan koma daidai bayan watanni, akwai waɗanda yakan zauna musu.

Yanzu bari mu dawo gida. A Tambuwal da Kebbe, da Dogon Daji da Jabo da Kuchi, kaɗan ne a cikinmu aka yi wa gwajin korona. Da yawa sun yi zazzaɓi da tari, sun daina jin ƙanshi, suka sha maganin zazzaɓin sauro, suka tashi. Saboda haka kada mu ce maganar ta Turawa ce. Ciwon sukari kuma ba baƙo ba ne a jiharmu. Binciken da aka buga a 2011 da 2013 a kan Fulanin Sakkwato ya sami kusan mutum 5 cikin 100 a birni, da ƙasa da mutum 1 cikin 100 a karkara. Yadda cimarmu ke komawa irin ta birni, haka haɗarin ke matsowa.

Ga alamun da za mu lura da su: yawan ƙishirwa, yawan fitsari har cikin dare, rama ko da ana cin abinci, kasala, gani dishi-dishi, da miki mai wuyar warkewa. Zafin ƙasarmu yakan ruɗe mu, gama kowa na jin ƙishi da bazara. Amma ƙishin zafi yana rage fitsari, na sukari kuwa yana ƙara shi. Idan tururuwa na taruwa inda yaro ya yi fitsari, yana kuma ramewa, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira.

Gwajin ba shi da wuya. Ɗigon jini ne daga yatsa, da safe kafin a karya kumallo. Idan awo ya kai 126 ko fiye, sai a sake wata rana domin a tabbatar. Mu fara da babban asibitin Tambuwal ko asibitin da ke kusa. In da bukata, za a tura mu Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

A gida kuma, mu rage sukari a shayi da fura, mu rage lemon kwalba. Mu riƙe wake da zogale da rama, mu riƙa motsa jiki. Mu ja kunnen 'ya'yanmu mata game da ƙwayoyin sa ƙiba na kemis, gama waɗansunsu dexamethasone ne. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya bari don ya ji sauƙi, domin ciwon da aka ƙyale yakan taɓa ido da ƙoda da ƙafa.

Idan akwai tsoho a gidanku da ya sha jinya a shekarun korona, ku raka shi ya auna a wannan mako. Allah ya ba mu lafiya, amin.