Daga Jere Zuwa Kafanchan: Inda Hannu Ke Koyon Kiɗa

Duk ma'aikacin da ya taɓa shirya taron tarbar manyan baƙi a Abuja ya san layin nan da ke cikin takardar kasafi: kuɗin 'yan wasan gargajiya. Akan kira su ta waya, su iso cikin bas tun da hantsi, su jeru a bakin ƙofar zauren taro cikin rana, su saki kiɗa daidai lokacin da ayarin motocin minista ya kunno kai. Minti biyar ke nan, ko goma idan baƙon mai fara'a ne ya tsaya ya ɗan taka. Daga nan sai a rufe ƙofa a shiga jawabai, su kuma su koma gindin bishiya jiran sallama. Ba kasafai wani daga cikinmu ke tambayar inda waɗannan hannaye suka koyi abin da suka yi ba, alhali ba su da takardar shaida, ba su kuma taɓa zama a aji domin shi ba.

Ɗaya daga cikin wuraren da amsar take bai kai tafiyar awa biyu daga Sakatariyar Tarayya ba. Jere, a ƙaramar hukumar Kagarko ta jihar Kaduna, gari ne da yawancinmu muka sani ta tagar mota, ko a matsayin tashar da jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ke ratsawa tun da aka buɗe layin a 2016. Amma daga nan ne hanya ke karkata gabas, ta bi ta Kagarko da Kwoi har Kafanchan, ta ratsa ƙasar Gbagyi da Koro da Ham da Bajju da Fantswam, da unguwannin Hausawa da Fulani da suka daɗe a tsakaninsu. A wannan yanki, kamar sauran ƙasar Arewa, ba a makaranta ake koyon kiɗa ba. A da'ira ake koyonsa: mutane sun kewaye fili, makaɗa na tsakiya, yara na raɓe a baki-baki suna kallon hannu.

Abin mamaki shi ne wannan da'irar ta zama abin saye da kuɗi a ƙasashen Turai da Amurka. Can, mutanen da ba su san juna ba kan taru a dandalin shaƙatawa ko a wani zaure, kowa ya rungumi ganga, galibi jembe irin ta Mali da Gini, wani jagora ya ba da bugu, saura su bi. Kamfanoni na ɗaukar hayar irin waɗannan jagorori domin ma'aikatansu su saba da juna, wasu asibitoci da makarantu ma na yi. Kuma ɗan Najeriya na cikin waɗanda suka share wa abin hanya: Babatunde Olatunji, haifaffen Ajido kusa da Badagry, wanda ya tafi karatu Amurka a 1950, ya naɗi faifansa mai suna Drums of Passion a 1959, ya kuma shafe shekaru yana koya wa Amurkawa bugun hannu har rasuwarsa a 2003. Abin da suke biya su samu na awa ɗaya a mako, shi ne yaron Kwoi ko na Jere ya tashi ya tarar a ƙofar gida kyauta.

Gado da dandali

A ƙasar Hausa an san kiɗa da gado. Ɗan makaɗi shi ke zama makaɗi, kuma kowace ganga da mutanenta: tambari na sarki ne, kalangu na mahauta da 'yan dambe da 'yan mata, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma. Kotso da taushi, waɗanda da yatsu da tafin hannu ake buga su ba da makaɗi ba, su ne na fada. Da kotso Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo suka yi wa sarakuna waƙa. Wanda ya duba wannan tsari daga nesa sai ya ɗauka ƙofa a rufe take ga wanda bai gada ba.

Ba haka abin yake ba. Gado shi ke fitar da mai sana'a, wanda zai ci abinci da ganga. Amma dubban hannayen da suka iya riƙe bugu ba tare da sun mai da shi sana'a ba, dandali ne ya horar da su. Da farin wata ya fito, 'yan mata su yi da'ira su fara gaɗa, tafi kawai da murya. Tafin nan shi ne darasin farko, domin duk wanda ya saɓa, nan take za a ji, a yi masa dariya, ya gyara. Yara maza kuma su ɗauko gwangwani, su ɗaure masa fata ko leda mai kauri, su koma gefe suna kwaikwayon mai kalangu. Idan azumi ya kai kwana goma a fita tashe, kuma a nan ne yaro kan fara bugawa a gaban jama'ar da za su ba shi tsaba ko su kore shi.

Ko cikin ƙungiyar masu sana'ar ma, hanyar koyo ɗaya ce. Ba a miƙa wa sabon shiga uwar kalangu. Sai ya yi ɗaukar kaya tukuna, ya iya shanya fata da ɗaure tsarkiya, sannan a ba shi ƙaramar ganga irin kuntukuru, wadda aikinta shi ne ta riƙe bugu guda, ba ƙari ba ragi, tun farkon wasa har ƙarshe. Aiki ne mai gundura, amma shi ne ginshiƙi: a kansa babban makaɗi ke hawa ya yi ta kewaye-kewayensa ya dawo. Sai kunnen yaro ya nuna, har ya iya jin nasa bugun da na sauran a lokaci guda ba tare da ya ruɗe ba, sannan a bar shi ya saƙala kalangu a hammata ya koyi matse tsarkiya da sakinta. Da wannan matsi ne sautin ke hawa da sauka, ya bi karin harshen Hausa, har ganga ta kira taken mutum ya waiwayo daga tsakiyar kasuwa. Babu wanda ke zaunar da yaron ya yi masa bayanin wannan. Kallo ne, da kuskure, da harara daga maigida.

Mata kuwa suna da tasu da'irar a cikin gida, inda namiji ba ya shiga. Ranar suna ko biki a kifa ƙwarya a kan ruwa cikin babbar roba, a kifa wata a ƙasa, a ɗauko shantu ana buga shi a cinya da tafin hannu. Yarinyar da aka aika ta kawo ruwa ta tsaya kallo, shekara mai zuwa ita ce za a ce ta riƙe wa wata ƙwarya kafin ta dawo daga alwala. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, daga irin wannan zama na amada ta fito har ta cika manyan zauruka.

Zumuntar Mata

Idan aka wuce Kagarko aka nausa Kwoi, inda mishan ɗin SIM ya kafa tasha tun 1910, za a tarar da wata da'irar da ta fi kowace ƙarfi a yau, ko da yake masu rubutu kan al'adu ba su cika kula ta ba. Ita ce Zumuntar Mata ta coci-coci, ta ECWA da Katolika da Anglika da Baptis. Mata ne masu anko, manoman citta da 'yan kasuwa da malaman firamare da ma'aikatan jinya, da ke haɗuwa a tsakiyar mako domin addu'a da gwajin waƙa. Kayan kiɗansu ganguna ne manya da ƙanana, da tulun ƙasa da ake bugun bakinsa ya ba da amo mai zurfi, da caki, da ƙarfen da ke riƙe lokaci. Waƙoƙin da yawa da Hausa ake yin su, domin ita ce harshen da ke haɗa Bajju da Atyap da Ham a benci guda.

A ganina wannan ita ce babbar makarantar kiɗan hannu a kudancin Kaduna. Tana da ranar zama tsayayya, tana da kayan aiki da aka saya da kuɗin karo-karo, tana kuma karɓar kowa. Amaryar da aka kawo gari jiya, wadda ba ta taɓa riƙe ganga ba, za a miƙa mata caki ta zauna kusa da wata dattijuwa. Bayan wata shida ta koma kan tulu. Wata rana mai babbar ganga ta tafi jinya ko ta'aziyya, a dubi amaryar a ce ta gwada. Tsarin nan na kuntukuru ne sak, sai dai a nan ba a tambayar gidan da mutum ya fito. Yaran da ke goye ko suke wasa a ƙarƙashin benci kuwa suna sha da kunne, su ne gobe za a gani a ƙungiyar matasa.

A ɓangaren Musulmi, makarantun Islamiyya masu yin Mauludi sun riƙe mandiri, wanda shi ma da tafin hannu ake buga shi, kamar yadda 'yan Ƙadiriyya suka riƙe bandiri a Kano. Malamai sun daɗe suna saɓani kan hukuncin kiɗa, kuma ba wannan shafi ne zai raba gardamar ba. Abin lura kawai shi ne, a masallaci da coci duka, inda aka bar wa ganga wuri, an bar wa yara hanyar koyo.

Abin da ya cinye dare

Dandali da dare yake rayuwa, kuma dare ne abin da yankin ya fara rasawa. Tun rikicin Kafanchan na Maris 1987, da na Zangon Kataf a 1992, da na bayan zaɓen 2011, unguwanni suka rarrabu, yaron wannan ɓangare ya daina leƙa wasan wancan. Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya tun shekarun 1920, ya tara Ibo da Yarbawa da Hausawa da 'yan ƙasa a layi guda, kowa na jin kiɗan bikin maƙwabcinsa ta kan katanga. Wannan cuɗanya ta yi rauni. Sai kuma dokokin hana fita na awa 24 da aka sha sanyawa a Jema'a da Kaura da Zangon Kataf, a 2016 da 2020. A ɓangaren Jere, masu garkuwa da mutane ne suka addabi hanyar Abuja zuwa Kaduna da ƙauyukan da ke gefenta, har aka kai ga harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris, 2022. Uban da ke kwana da kunne ɗaya ba zai bar 'yarsa ta fita gaɗa ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Sauran dalilan ba su kai wannan zafi ba, amma suna ci a hankali. Maganin feshi da 'yan ƙodago sun rage gayya, gangar noma ta rasa ranar fita. Mai biki ya gane cewa hayar DJ ɗaya da lasifika biyu ta fi sauƙi a kan ciyar da makaɗa shida. Cutar da ta afka wa citta a 2023, a Kachia da Kagarko da Jaba, ta taɓa aljihun da ake yin liƙi daga cikinsa. A coci ma, matasa sun fi ɗokin jita da piyano.

A nan ne maganar ta dawo teburinmu. Gwamnati na kashe kuɗi a kan al'adu, amma kusan duka a kan dandamali: bikin NAFEST na Hukumar Fasaha da Al'adu ta Ƙasa, da Kanibal ɗin Abuja da aka fara a 2005, da ayarin da ake turawa ƙasashen waje. Dandamali girbi ne. Yana nuna gwanayen da aka riga aka samu, ba ya haifar da sababbi. Manhajar ilimin bai-ɗaya tana da darasin al'adu da fasaha, sai dai a makarantu da yawa a allo ake zana ganga, yara su kwafa a littafi, a yi musu jarrabawa a kan sunayen sassanta. Ga kuma mai ɗinka ganga a kasuwar garin, ga shugabar makaɗan Zumuntar Mata gida uku daga makarantar, ga tsohon mai kalangun mahauta yana zaune ba aiki. Kuɗin da ake biyan ayari ɗaya na tarbar minti goma zai sayi ganguna da dama, ya kuma biya ɗaya daga cikin waɗannan mutane ladan zuwa makaranta kowace Laraba na tsawon zango. Ba sai an kafa sabuwar hukuma ba, ba kuma sai an gayyato ƙwararre daga waje ya koya mana zama a da'ira ba.

Wanda ke son ganin abin da idonsa, ya ɗauki hutun ƙarshen shekara ya bi hanyar. Ranar 1 ga Janairu ake bikin Afan a Kagoro, a gindin dutse, kusa da Kafanchan. Ham kuma na yin Tuk-Ham a Kwoi wajen lokacin Ista. Amma kada ya tsaya ga ranar bikin kaɗai, lokacin da manyan baƙi ke zaune a rumfa. Ya je kwana uku ko huɗu kafin nan, da la'asar sakaliya, sa'ad da ƙungiyoyin unguwanni ke gwaji a filin makaranta ko bayan coci. Zai ga manya a tsakiya suna gardama kan inda bugu ya kamata ya juya. A bayansu akwai samari masu jiran wani ya gaji ya miƙo ganga. Can baya kuma, inda ƙura ta fi yawa, akwai 'yan shekara shida da bakwai, kowa da jarka ko gwangwanin madara a tsakanin gwiwoyi, idonsu a kan hannun mai babbar ganga, suna binsa a makare da rabin bugu.