Alheri, Salama, Haƙuri: Sunayen da Muke Raɗa wa 'Ya'yanmu Mata

'Yan'uwa, in muka duba rajistar makarantar Lahadi a ikkilisiyoyinmu, da wuya mu rasa Alheri, ko Godiya, ko Murna, ko Salama. Kakanninmu sun fi raɗa sunan rana: wadda aka haifa ran Talata, ranar kasuwar Talata Mafara, Talatu ce, ta ran Lahadi kuwa Ladi. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kalmomin da muke ji a sujada suka samu hanyar shiga gidajenmu. Waɗansunsu suna cikin 'ya'yan Ruhu da Bulus ya lissafta a Galatiyawa 5:22-23.

Abin ba sabo ba ne. Hannatu a Ibrananci alheri ne. Masu bi na Ingila a ƙarni na 17 ma sun riƙa sa wa 'ya'yansu mata sunayen halayen kirki.

A wurare kamar Bakura da Maradun, inda masu bi 'yan kaɗan ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi, irin wannan suna yana da wani amfani. Ba ya bukatar fassara. Mai sayar da shinkafar Bakolori ya san abin da Salama take nufi, shi ma wataƙila yana da Rahama ko Karima a gidansa. Sunan yana nuna mu 'yan gida ne, ba baƙi ba. Sau da yawa kuma shaida ce: uwar da ta yi shekara goma tana jiran haihuwa, in ta ce Godiya, ta san abin da take faɗa.

Amma akwai nauyi a ciki. Yarinya takan yi fushi kamar kowane yaro, sai a ce, "Ke da ake kira Salama?" Ƙanenta Dauda ya yi abin da ya fi haka, ba wanda ya tuna masa da sunansa. Kun lura 'yan mata muka fi ɗora wa waɗannan sunaye? Haƙuri ne ya fi damunmu. Halin kirki ne, babu shakka, amma mun saba mu ce wa mace "yi haƙuri" ko da ana cutarta a gidan aure. In kalmar ta zama sunanta, kowane kira ya koma umarni. Haƙurin da Nassi ya koyar na maza da mata ne, bai kuma hana mace kai kukanta ga dattawan ikkilisiya ba.

Wani lokaci rayuwa ce take saɓa wa sunan. Na'omi, wadda sunanta ke nufin daɗi, ta koma Baitalami bayan mutuwar mijinta da 'ya'yanta biyu, ta nemi a kira ta Mara, wato ɗaci (Rut 1:20). A jihar da iyalai da yawa suka rasa 'yan'uwa a hannun 'yan bindiga, akwai Murnar da ta san wannan ciwo. Kada mu yi mata ba'a da sunanta.

Ba hani muke yi ba. Sai dai mun fi son sunayen da ke faɗin abin da Allah ya yi, kamar Alheri da Jinƙai, a kan waɗanda ke faɗin abin da dole yarinyar ta yi. Ranar suna kuma, ya kamata mai wa'azi ya tambayi iyaye dalilinsu, su faɗe shi a gaban jama'a, domin a samu masu ba ta labarin in ta girma.