Shin Ko Kun San? Yadda Kwamfuta Ke Lalubo Mafi Kyawun Amsa

Shin ko kun san cewa idan aka ce kwamfuta ta nemo hanya mafi arha ta yin wani aiki, lalube take yi? Tamkar mai gangarowa daga tsauni cikin hazo, yana taɓa ƙasa da ƙafa ya ji inda ta karkata, ya taka can. In gangaren sumul yake, ba damuwa. Aiki na ɓaci idan ƙasar na da tsini inda karkata ke juyawa farat ɗaya, kwaruruka sun yi yawa, ga kuma iyakokin da ba a ƙetarewa, kamar nauyin da wayar lantarki ke iya ɗauka.

Shin ko kun san tun 1919 Bajamushe Hans Rademacher ya tabbatar da cewa wuraren tsinin nan ba su taka kara sun karya ba wajen yawa, muddin gangaren bai wuce kima ba? Abin haushin, amsar da ake nema galibi a kan tsinin take zaune.

A 1962 Naum Shor na birnin Kiev ya fito da dabarar taka tsinin da ƙananan taku. Tana da sauƙi, amma akwai nawa. A 1975 Claude Lemaréchal na Faransa da Philip Wolfe na kamfanin IBM suka kawo dabarar dami: kwamfuta ta riƙa tara bayanin wuraren da ta taka, ta haɗa su kafin ta zaɓi taku na gaba.

Ga wadda ta fi ba ni mamaki. Dabarar BFGS, wadda mutum huɗu suka gano a 1970 kowa da kansa, wato Broyden da Fletcher da Goldfarb da Shanno, don wuri mai sumul aka yi ta. A ƙa'ida bai kamata ta yi aiki a kan tsini ba. Sai Adrian Lewis da Michael Overton suka nuna a 2013 cewa tana yi, sau da yawa ma da kyau, alhali hujjar lissafin ba ta kammala ba. Masu aiki ba su jira hujja ba: a 2017 aka ɗora manhajar GRANSO a kanta, aka koya mata kiyaye iyakoki.

Kada dai ku ɗauka kwarin da kwamfuta ta tsaya shi ne mafi zurfi. A 1987 Murty da Kabadi sun tabbatar da cewa ko gane cewa an kai ƙasan kwari ɗaya tak yana cikin matsalolin lissafi mafiya wuya.

Shin ko kun san manhajojin ƙirƙirarriyar basira da yawa cike suke da tsini? Ƙa'idar ReLU da ke cikinsu tana da tsini daidai kan sifiri, inda ba a iya auna karkata. Manhajar PyTorch kawai sai ta ɗauke ta sifiri ta wuce.