Yaƙushin Ƙaramar Dabba: Ruwa da Sabulu Kafin Komai

A ƙauyukan Dambatta, Bichi da Makoɗa, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da yaro yana kiwon zomo ko tantabara ba. Wani ma kurege ko bushiya ya kamo a gona ya saka a akurki. In dabbar ta yaƙushe shi, sai a barbaɗa toka ko ƙasa a ce jini ya tsaya. To a nan haɗarin yake.

Ƙwayar cutar sarƙe-haƙora a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, gonakinmu kuwa duk shekara taki ake zuba musu. Wanda ya shafa wa rauni ƙasa, da hannunsa ya kai cutar cikin jiki. Alamunta kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21.

Bakin mage da na zomo na ɗauke da ƙwayar Pasteurella, mai sa wurin ya kumbura ya yi ja cikin kwana guda. Yaƙushin mage kan jawo kaluluwa a hammata bayan mako ɗaya zuwa uku. Mage da biri na iya ɗaukar haukan kare, cutar da ke kashe kimanin mutum 59,000 a duniya kowace shekara.

Gafiya ma ba abin wasa ba ce. A 2003 an kai gafiyoyi da wasu ɓeraye daga Ghana zuwa Amurka domin kiwon sha'awa, ƙyandar biri ta bi ta kansu zuwa dabbobin gida, ta kama mutane a jihohi shida.

Matakin farko ba ya cin kuɗi: a wanke raunin da sabulu, ana kwarara ruwa mai tsabta har minti 15, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Sai a shafa aidin, a rufe da tsumma mai tsabta. Daga nan a duba katin rigakafin yaron, a kai shi asibiti a tambayi allurar sarƙe-haƙora. In mage, biri ko kare ne, a nemi allurar haukan kare a ranar, kada a jira alama, domin in ta bayyana magani ya ƙare. Zazzaɓi, mugunya ko jan da ke bin hannu yana hawa sama kuwa, ba a kwana da su a gida.