Fankar Kwamfuta: Haja Mai Araha Da Ke Tsaron Kaya Masu Tsada

IKKO — A kasuwar na'urori masu ƙwaƙwalwa ta Otigba da ke Ikeja, fanka tana cikin kayayyakin da mai saye ya fi rainawa, alhali kuwa ita ce ke tsaron waɗanda suka fi tsada.

Dalili shi ne zafi. Ƙwaƙwalwar Pentium da kamfanin Intel ya fitar a 1993 ba ta shan lantarkin da ya kai wat 20, amma Core i9-13900K ta shekarar 2022 takan sha har wat 253, wanda kusan dukkansa zafi yake komawa. Da zarar ta kai digiri 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta lalace, aikin ofis kuma ya koma tafiyar hawainiya.

Wannan ne ya sa kamfanoni suka duƙufa wajen ƙera fankoki masu ƙarfi. Wadda kamfanin Noctua na ƙasar Ostiriya ya fitar a 2018, wato NF-A12x25, faɗinta milimita 120 ne, tana juyi 2,000 cikin minti ɗaya, kuma rabin milimita kacal aka bari tsakanin fukafukanta da bangonta domin kada iska ta sulale ta koma baya.

A Nijeriya kuwa, ƙurar hunturu takan toshe hanyar iska, man fanka mai araha ya bushe, ta soma gurnani kafin ta tsaya cik. Da yake daga ƙetare ake shigo da fankokin, farashinsu yana bin dala ne, musamman tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023.